Daga Ina Ake Fara Ƙirga?

A hanyar Hada, inda kwalta ke naɗe dutse
naɗi a kan naɗi,
na ajiye zirnaƙona a bakin titi.
Mishari yana ce masa jirgi,
takardar izini tana cewa jirgi marar matuƙi,
ni dai kunnena ya san zirnaƙo in ya ji kukansa.

Ruwan shekaranjiya ya tsaga gaɓar tsauni.
Aikinmu mu leƙa tsagar,
mu gano wane dutse ne ya gaji da zama
kafin ya sauko wa matafiyin Ɗa'ifa a gilashi.

Mita ɗari da ashirin, in ji takarda.
Kada ka wuce. Sama tana da masu ita.
To, na ji.

Na tashe shi. Talatin. Saba'in. Ɗari.
A ɗari da ashirin ya tsaya cak
kamar jakin da ya hango rijiya.
Na danna, ya ƙi.
Tsagar tana can bisa kansa,
dutsen ko gwiwarsa ba mu kai ba.
Wani bika a kan katangar titi
yana ɓare lemon da ya fizge a wata mota.
Ya dube ni, ya dubi jirgin,
ya koma ga lemonsa.

Mishari ya ce:
Na'urar daga tafin ƙafarka take ƙirga,
doka kuwa daga ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin.
Su biyun ba su taɓa shan gahawa a tabarma ɗaya ba.

Sai muka hau,
lanƙwasa bayan lanƙwasa, kunne yana toshewa,
har inda hanya ta gaji ta miƙa mu ga ƙafa.

A can na ɗaga shi mita goma kacal,
na tura shi ya ƙetare baki.
Allon hannuna yana cewa goma,
goma, goma,
da natsuwar wanda ya saba ƙarya,
alhali ƙarƙashin cikinsa
ba komai sai iska da guntun gajimare
da motoci kamar an watsa gero.
Ban ƙara masa ko taki ɗaya ba.
Ƙasa ce ta janye ƙafarta.

Wata gaggafa ta zo ta gefensa,
ba ta ko kaɗa fiffike ba.
Ita ba wanda ya ba ta takarda.

Na jawo shi ya raɓi dutse
kamar yaro da zanen uwa a kasuwa,
na sauke shi a hankali.
Lamba ta faɗa ƙasa da sifili.
Wai yana cikin ƙasa ke nan, an binne shi,
ga shi kuwa yana ta kuka a sarari.

Nan na tuna kakana Tanimu,
da ya taso daga Haɗeja da ƙafa,
ya yi damina bakwai a hanya.
Na taɓa tambayarsa nisan tafiyar.
Ya ce, daga ina za ka fara ƙirga?
Daga ƙofar gida,
ko daga inda na daina waiwaye?

Ga tsagar.
Faɗinta bai wuce hannun mutum ba.
Wani ɗan ɓaure ya kafa saiwa a ciki,
shi ne yake ture dutsen,
a hankali, ba gaba, ba gaggawa.

Batir ya fara ƙorafi.
Na dawo da shi da ƙura a ido.

A takardar rahoto gurbi ɗaya suka bari:
Tsayin tashi.
Mishari ya miƙo mini biro, yana jira.
Iska tana ɗaga gefen takardar.
Na rubuta biyu,
ɗaya a gurbin, ɗaya a gefe,
na ja ɗan ɓauren a tsakaninsu.